Tambaya da Amsa: Ƙarfen da Na Ɗaga Jiya Ya Gagare Ni Yau a Gaban Jama'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 24 daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ta Jihar Jigawa. Da damina noma nake yi, idan an gama kaka kuma ni da abokaina mukan haɗu bayan la'asar a gindin wata darbejiya muna ɗaga ƙarfe. Ƙarfen namu haɗin gida ne, siminti muka zuba a gwangwanayen fenti muka soka bututun ƙarfe a tsakiya. Damuwata ita ce, idan daga ni sai abokina ɗaya, nakan ɗaga babban ƙarfenmu har sau uku, amma ranar da jama'a suka taru suna kallo sai gabana ya riƙa faɗuwa, hannuna ya ɗauki rawa, ƙarfen ya gagare ni. Wasu sun ce in riƙa haɗiyar Tramadol kafin in fito, wasu kuma sun ce in tuno wani abin da ya taɓa ɓata mini rai domin zuciya ta ɗebe ni. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka fara kwantar da hankalinka da sanin cewa ƙarfin damtsenka bai je ko'ina ba tsakanin jiya da yau. Tsoka ba ta motsa kanta, umarni take jira daga ƙwaƙwalwa ta hanyar jijiyoyi, kuma ɗaga nauyi mai yawa yana bukatar wannan umarni ya isa ga ƙafa da baya da kafaɗa a lokaci guda, ba tare da wani sashe ya riga wani ba. Wannan ne ya sa sabon shiga yakan ga ƙarfinsa ya ƙaru a makonnin farko alhali jikinsa bai buɗe ba tukuna, domin jijiyoyinsa ne suke koyon aikin. To idan jama'a suka kewaye ka, jikinka yakan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugawa, tafin hannu ya jiƙe. Wannan kansa ba aibu ba ne, shiri ne jiki yake yi. Inda ɓarnar take shi ne hankalinka ya rabu biyu, rabi yana kan ƙarfen, rabi yana kan idon mutane da abin da za su faɗa idan ka kasa, kuma ka san taura biyu ba ta taunuwa.

Wata ranar Alhamis a kasuwar Maigatari na daɗe ina kallon wani dattijon ɗan dako yana lodin buhuna a babbar mota, kuma ban taɓa mantawa da shi ba. Kasuwa ta cika, ga hayaniyar dillalai, ga ƙarar motoci, ga yara suna ratsawa, amma shi kowane buhu da tsari ɗaya yake tarar sa. Yakan goga tafin hannunsa a gefen wando, ya gyara tsayuwar ƙafafunsa, ya yi bisimilla a hankali, ya ja numfashi, sannan ya gyaɗa kai ga mutum biyun da za su ɗora masa. Bai ɗaga ido ya dubi kowa ba sai da ya sauke. Buhun hatsi na manyan kasuwanninmu yakan kai kilo 100, kuma mutumin nan bai fi ka jiki ba. Abin da ya fi ka da shi shi ne ya maimaita waɗannan 'yan motsi har sun zame masa jiki, saboda haka da zarar ya fara su babu sauran gurbin da tunanin banza zai shiga.

Haka abin yake a manyan gasanni na duniya. A gasar Olamfik, idan aka kira sunan mai ɗaga ƙarfe minti ɗaya ake ba shi ya fara, kuma gwaji uku kaɗai yake da shi a kowane salon ɗagawa, dubban mutane suna kallo. A cikin irin wannan matsi ne Naim Suleymanoglu na ƙasar Turkiyya, mutumin da tsayinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, nauyinsa kuma bai wuce kilo 60 ba, ya ɗaga kilo 190 sama da kansa a birnin Seul na Koriya ta Kudu a 1988, wato fiye da ninki uku na nauyin jikinsa. A cikin irin wannan matsi ne kuma 'yar Najeriya Ruth Ogbeifo ta ciyo lambar azurfa a gasar Olamfik ta birnin Sidni na ƙasar Ostireliya a 2000, sannan Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 daga ƙirji a gasar masu bukata ta musamman a Faris a 2024. Minti ɗaya ba ya isar mutum ya tsaya shawara da zuciyarsa ko zai iya ko ba zai iya ba. An gama wannan shawara tun a wurin atisaye, abin da ya rage a dandali shi ne maimaita abin da aka saba.

Saboda haka ka tsara wa kanka naka tsarin, gajere wanda ba ya canzawa: inda za ka tsaya, yadda za ka kama bututun, wurin da za ka kafa idonka a jikin itacen darbejiyar nan, bisimilla, numfashi, sai ɗagawa. Ka yi shi a kan ƙaramin ƙarfe kamar yadda za ka yi a kan babba, domin wanda ya saba wasa da ƙarami yana hira, ranar babba ba zai sami abin da zai dogara da shi ba. Ka kuma zaɓi magana ɗaya tak da za ka riƙe a ranka lokacin ɗagawa, kamar ka ce wa kanka ka tura ƙasa da ƙafafunka. Binciken masana motsa jiki ya nuna cewa mutum ya fi fitar da ƙarfi idan ya mai da hankali ga abin da yake turawa a waje, wato ƙasa ko bututu, fiye da idan yana lissafin gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya.

Batun numfashi yana da bukatar kulawa. Ana jan iska har ta cika ciki, a ɗaure cikin kamar mai jiran naushi, a riƙe har a wuce wurin da ya fi tsanani, sannan a sake ta. Wannan yana tallafa wa ƙashin baya, amma yana sa jini ya hau sosai na ɗan lokaci, don haka kada ka riƙe iska fiye da ɗagawa ɗaya, kuma duk wanda yake da hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙaba a cikinku ya ga likita kafin ya taɓa babban ƙarfe.

Akwai wani abu da nake zargin yana cikin dalilan fargabarka ko da ba ka ambata ba, wato ba ku san nauyin ƙarfenku ba. Gwangwanin siminti da aka zuba da ido da wuya ɓangarorinsa biyu su zo daidai, kuma zuciya ba ta natsuwa da abin da ba ta san iyakarsa ba. Ku kai su wurin masu sikelin sayen riɗi ranar kasuwa a auna muku kowanne, ku rubuta adadin a jikinsa da fenti, ku kuma zuba ƙananan da ba su wuce kilo 2 ba domin ƙari ya zama kaɗan-kaɗan. Tsakanin ɗagawa mai nauyi da ta gaba ka huta minti 3 zuwa 5, ko da 'yan kallo suna zuga ka ka koma.

Shawarar tuno ɓacin rai ban yarda da ita ba. Na san a dandalin dambe kiɗa da kirari sukan sa ɗan wasa ya yi tsuma, amma shi abokin karawarsa mutum ne da zai iya tsorata, ƙarfe kuwa ba ya jin tsoron kowa. Mai fushi yakan fizgi nauyi da gaggawa bayansa a lanƙwashe, kuma ta nan ne ciwon baya yake kama samari da yawa tun ba su kai shekara 30 ba, ya hana su ko riƙe fartanya. Ita kuwa Tramadol, ina roƙonka don Allah kada ka kusance ta. Maganin kashe raɗaɗi ce, ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan, sai dai ta rufe maka ciwon da zai gaya maka cewa wani abu ya yage a jikinka. Tana kawo jiri, tana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, ka kuwa yi tunanin hakan ta same ka ƙarfe yana bisa kanka. Ga kuma kamu, wato jiki ya saba da ita har mutum ya kasa barinta, wanda ya riga ya raba gidaje da yawa a karkararmu da 'ya'yansu. Hukumar yaƙi da amfani da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta ta a lokacin gasa tun daga farkon 2024.

Ka saba da idon mutane a hankali. Wannan mako ka ɗaga a gaban mutum biyu, na gaba a gaban biyar, kuma ranar da taro ya yi yawa ka tsaya a nauyin da ka tabbatar kana iyawa, wanda ka riga ka yanke tun daga gida, ka bar gwajin sabon nauyi sai ranar da kuke ku kaɗai.

Tambaya: Malam, ni mai walda ne a wani gari kusa da Bichi. Wata uku da suka wuce ina kwance a benci ina tura ƙarfe sai ya kuɓuce ya faɗo mini a ƙirji. Na warke, amma yanzu da na kwanta a ƙarƙashinsa sai jikina ya mutu. Abokaina suna cewa ragwanta ce. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya ƙara kiyayewa, ɗan'uwa. Wannan ba ragwanta ba ce, jikinka ne ya riƙe darasin da ya koya, kuma ba za ka rarrashe shi da baki ba sai ka gyara abin da ya jawo haɗarin. Idan har yanzu kana jin zafi lokacin jan dogon numfashi ko tari, ka je asibiti a duba haƙarƙarinka tukuna. Bayan haka, tunda walda ce sana'arka, ka haɗa ginshiƙai biyu masu ƙwari a gefen bencin, tsayinsu ya ɗan ɗara ƙirjinka kaɗan idan kana kwance, yadda ko bututun ya kuɓuce a kansu zai sauka. Ka riƙa zagaye bututun da babban yatsanka, kada ka jera shi tare da sauran yatsu, domin jera shi da sauran yatsu yakan sa bututun ya kuɓuce. Ka koma rabin nauyin da kake ɗagawa a da, ka sauke shi a kan ginshiƙan da gangan sau da yawa har ka ji ƙararsa ka kuma ga bai taɓa ka ba, sannan ka riƙa ƙara kilo 2 ko 3 duk mako. Ranar da za ka koma nauyin da ya faɗo maka, ka sa mutum biyu su tsaya, ɗaya a kowane gefe, hannayensu a ƙarƙashin bututun, ku kuma yi yarjejeniya tun kafin ka kwanta a kan kalmar da za ka faɗa su ɗauke maka.