Sai da waya mai tsada hoto zai fito tas?

Malam, ka tambaya ko dole sai da wayoyi masu tsada za ka haɗa talabijin da lasifikoki. Riƙe kuɗinka.

Wayar HDMI, mai kai hoto da sauti zuwa talabijin, saƙon dijital take ɗauka. In ya isa, hoton ɗaya ne ko ta nawa ka saya. In ta gaza, za ka ga ɗige-ɗige ko allo ya ɗauke. Duba kwalin: wadda aka rubuta wa Premium High Speed ta isa 4K, wato hoto mai tsabta sosai. Mai na'ura irin ta wasan PlayStation 5 kuwa zai iya neman Ultra High Speed. Zinaren bakinta hana tsatsa kawai yake yi.

Ta lasifika kuwa, nemi jan ƙarfe zalla, mai kauri lamba 16, ko 14 da ta fi kauri in da nisa. Wata alminiyam ce aka shafe da jan ƙarfe, kankare bakinta za ka ga fari.