Hukuncin cin tumbin saniya bayan an san ƙwayoyin halittar da ke cikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata sayar da farfesun kayan ciki. Ɗana da ke karatun likitan dabbobi ya ce mini tumbin saniya cike yake da ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda ido ba ya gani. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Shin tumbin najasa ne? Ruwan wankinsa da ke fallatsa mini a zane fa, zan iya salla da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ɗanki gaskiya ya faɗa, amma ki kwantar da hankalinki.

Cikin saniya ɗaki huɗu ne, tumbi shi ne babbansu. A ɗan ɗigon ruwan da ke cikinsa akwai ƙwayoyin bakteriya bila adadin, tare da wasu halittu ƙanana. Saniya da kanta ba ta iya narka ciyawa da harawa. Waɗannan ƙwayoyi ne ke ruɓar da su, su mayar da su abin da jikinta ke sha ya zama ƙarfi da nama da nono, iskar da ta taru kuma ta fita ta gyatsa. Da za a kashe su duka, da saniya ta rame tana tsaye a tsakiyar makiyaya. Duk sa'ad da na karanta aya ta 66 a Suratun Nahli, inda Allah Ya ce Yana shayar da mu nono tsantsa daga tsakanin abin da ke cikin tumbi da jini, wannan aikin nake tunawa.

Allah Ya halatta mana dabbobin ni'ima a farkon Suratul Ma'ida, bai cire tumbi ba. Shari'a kuwa ba ta rataya najasa ga abin da sai da madubin likita ake ganinsa. In da haka ne, da kindirmo da daddawa sun haramta, domin irin waɗannan ƙwayoyi ne ke haɗa su. Malamanmu na Malikiyya ma sun yarda a ci 'ya'yan itace tare da tsutsar da ta samu a cikinsu, balle abin da ba a gani.

Ruwan wanki kuma, a mazhabar Imamu Malik da ta Imamu Ahmad, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne. Hujjarsu hadisin Anas a Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya umarci mutanen Uraina su sha nonon raƙuma da fitsarinsu, da kuma izinin da ya bayar na yin salla a garken tumaki. Shafi'iyya da Hanafiyya suna ganin najasa ne. Na fi natsuwa da magana ta farko, don haka sallarki ta yi. In kin sauya zane saboda ƙarni, wannan kyautatawa ce.

Inda Malikiyya suka togace shi ne dabbar da ke cin najasa, wato jallala: kashinta da fitsarinta najasa ne. Saniyar da ke kiwo a daji ba ta shiga nan. Ta cikin gari mai yawon bola, wadda mahauta kan farke tumbinta su tarar da leda dunƙule, in ta tabbata ƙazanta take ci, ki wanke inda ruwan ya taɓa kafin ki tada salla.

Sai dai tsarki daban, lafiya daban. A hanjin shanu akan sami ƙwayar da ba ta damun saniya amma tana sa mutum gudawa, wani lokaci har da jini, musamman yara. Tunda jama'a kike ciyarwa, kuma Annabi (SAW) ya hana cuta da cutarwa, wajibi ne ki kankare tumbin sosai, ki raba wuƙarsa da wadda kike yanka albasar da za a barbaɗa ɗanya, ki bar shi a wuta har ya nuna lugub.

Wallahu a'alam.