Barin kwamfuta a jone da wuta: yana kashe batiri?

Wata ɗaliba daga Garwa ta rubuto: "Malam, yayana ya ce in daina barin kwamfutata a jone da caja, wai batirin zai ƙoshi ya mutu. Ni kuma ina tsoron a ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. Maganar wa zan ɗauka?"

Ƙanwata, batiri ba ya ƙoshi har ya ƙware. Batiran kwamfutocin yanzu na litiyam ne, kuma a cikin kwamfutar akwai abin da ke lura da caji. Da batiri ya cika sai ya datse masa wuta, kwamfutar ta ci gaba da sha kai tsaye daga caja. Sai ya ɗan sauka da kansa ake sake ƙara masa.

Amma yayanki bai faɗi ƙasa warwas ba. Abu biyu ne ke tsofar da irin wannan batiri: zama cike maƙil wata da watanni, da kuma zafi. Na biyun nan shi ne ciwonmu. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, ga ki kin ɗora kwamfuta a kan katifa, zanen gado ya toshe ƙofofin iskar da ke ƙasanta, ƙurar hunturu kuma ta riga ta daskare a fankarta. Sa hannu a gindinta bayan awa guda, za ki ji abin da batirin ke sha. Ki mayar da ita kan tebur, ki tokare bayanta da littafi don iska ta ratsa, hunturu na wucewa kuma ki kai wa mai gyara ya hure ƙurar.

Batun cika kuwa, kamfanoni da yawa sun sa hanyar tsayar da caji kafin ya kai ɗari, galibi a kashi 80. Lenovo na da ita a manhajar Vantage, Asus a MyASUS, wasu samfuran HP da Dell ma suna da ita. Dabara ce mai kyau, sai dai ta fi dacewa da inda wuta ba ta ƙiftawa. Mu nan idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya da rani aka shiga rabon wuta, kashi 20 ɗin da kika bari shi ne zai ƙarasa miki aikin makaranta. A ganina, lokacin da wuta ke zaune ki tsayar da shi a 80, lokacin ɗauke-ɗauke ki bar shi ya cika abinsa. Don amfani aka sayi batiri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki riƙa tatse shi har kwamfuta ta mutu da kanta. Ya kusa kashi 20, jona.

Wani ɗan kasuwa daga Kusiri kuma ya ce cajarsa ta ƙone, ya samu mai araha a kasuwa, bakinta ya shiga daidai. Ya saya?

Alhaji, shigar baki ba ita ce dacewa ba. Ka duba rubutun da ke jikin tsohuwar cajar ko ƙasan kwamfutar. Idan mai zagayayyen baki ce, dole lambar V (volt, wato matsin wutar da take fitarwa) ta zo ɗaya, misali 19.5. Lambar W (watt, wato yawan ƙarfin da take iya bayarwa) kuwa ta yi daidai ko ta fi: mai 65 za ta riƙe kwamfutar da ke neman 45 lafiya lau, don kwamfuta iya bukatarta take ja. Idan ta gaza ne ake samun matsala. Aiki na yin nauyi sai kwamfutar ta ciko gibin daga batiri, ka ga caji na sauka alhali tana jone, cajar kuma ta yi zafi zau. In da hali ka ƙara 'yan sefa ka sayi ta ainihi. Idan kuma da janareta kake aiki a shago, zare cajar kafin a tayar da shi, sai ƙararsa ta daidaita ka mayar.