Ga mai gurmin da ke son biyo sawun Oki zuwa Hokkaido

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma ba kai ka fara aiko irinsa ba. Ka ga Oki, makaɗin nan na tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan, a YouTube yana kaɗa tonkori a kan kiɗan reggae, sai ka ce tunda ɗan ƙabilar Ainu ya cika fili da kayan kiɗan kakanninsa, kai ma gurminka zai ci kasuwa a Japan, don haka in nema maka hanya.

To saurara. Oki Kano ɗan ƙasa ne, ba mai tambayarsa takardar zama. Kuma ba dare ɗaya Allah ya yi shi ba. A 1987 ya tafi New York aikin fim, ya dawo a 1992, sannan ya ɗauki tonkori, mai tsirkiya biyar, na Ainun tsibirin Sakhalin, lokacin masu iya kaɗa ta sun kusa ƙarewa. Sai wajen 2005 ya kafa ƙungiyar da ka gani, Oki Dub Ainu Band. Lissafa shekarun da kanka.

Su kansu Ainu, masu Hokkaido tun fil azal, dokar 1899 da ta nemi narkar da su cikin sauran Japanawa sai 1997 aka soke ta, kuma sai 2019 doka ta kira su 'yan asali. In haka aka yi da ɗan gida, kai baƙo me kake tsammani? Ni nan, da aikina da albashina, wani mai gida a Sapporo, babban birnin Hokkaido, ya hana ni hayar ɗaki daga jin cewa daga Afirka nake. Ko fuskata bai nemi gani ba. Har yau abin na ci mini rai.

Ga abin da zai fi ba ka mamaki. A gida kai ake yi wa liƙi. A nan, ƙananan gidajen wasa da yawa sukan ɗora wa makaɗi adadin tikitin da zai sayar. In bai sayar ba, ya cika daga aljihunsa. Wato ka yi kiɗa ka kuma biya. Bizar ɗalibi kuwa awa 28 ta yarje maka aiki a mako, shi ma sai da izini, kuma wani kaso na kuɗin zai tafi a ɗumama ɗaki, don dusar ƙanƙara kan kwashe wata huɗu ko fi a ƙasa.

Ban ce kada ka zo ba. Na zo ban san kowa ba, na ci jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta N2, matakin da ke bin na ƙoli, da gumina, yau ba na roƙon kowa. Amma ta ƙofar karatu na shigo. Ka nemi tallafin karatu na gwamnatin Japan da ake kira MEXT ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja, ka fara koyon harshen tun yanzu. Batun in tsaya maka a matsayin mai lamuni kuwa, kada ma ka turo Baba ya roƙe ni.