Kalmar "charge": daga cajin waya zuwa caji ofis

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia, kuma kalmar nan "charge" ta ɗaure mini kai. Mai MoMo, wato mai turawa da cire kuɗi ta waya, ya ce in ƙara "charges", yarona ya ce wayarsa ba caji, ga shi an kama ɗan maƙwabciyarmu, 'yan sanda sun ce za su yi "charging" ɗinsa. Kalma ɗaya ce, ko kunnena ne? Daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kunnenki ƙalau yake, kalma ɗaya ce. Turanci ya aro ta daga tsohon Faransanci, shi kuma daga harshen Latin, inda take nufin loda kaya a keken doki. Tushenta ɗaya da "car" da "cargo". Ki riƙe wannan ma'ana ta ɗora kaya, sauran duk daga ita suka fito. Cajin waya ɗura wa batir wuta ne, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

A harkar kuɗi, "charge" ladan aiki ne da ake ɗora wa mutum a kan abin da ya zo yi. Kin je cire sidi 500, an yanki wani abu saboda aikin cirewar, to wannan shi ne. Amma kuɗin turmin atamfarki "price" ne, kuɗin mota daga Kejetia zuwa Aboabo "fare", na makaranta "fees", harajin gwamnati kuma "tax" ko "levy". Bambancin nan na ƙarshe ya shafi aljihu. Harajin E-Levy na tura kuɗi ta waya da aka fara karɓa a watan Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023, an soke shi a Afrilun 2025. Abin da ya rage shi ne ladan kamfanin waya, don haka duk wanda ya ce miki ki ƙara na E-Levy yau, ki nemi ya nuna miki a saƙon da ya shigo wayarki. Sai 'yan uwan kalmar: "free of charge" kyauta ke nan, "overcharge" tsawwala kuɗi, "surcharge" ƙari a kan kuɗin asali, misali saboda jinkirin biya. "Service charge" da ke takardar wutar ECG, kamfanin lantarki na Ghana, kuwa kuɗin hidima ne na wata-wata, daban yake da kuɗin wutar da aka sha.

Batun ɗan maƙwabciyarki ya fi muhimmanci. A bakin ɗan sanda "charge" tuhuma ce, wato an ɗora wa mutum laifi a rubuce. Daga nan Hausawa suka samo caji ofis. Matakan uku ne, kuma mutanenmu suna yawan cakuɗa su: "arrest" kamu ne, "charge" tuhuma, "convict" kuma kotu ta tabbatar da laifi. Wanda aka tuhuma bai zama mai laifi ba tukuna. Iyayensa su nemi ganin "charge sheet", takardar da ke ɗauke da laifin da sashen dokar da ake cewa ya karya. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, sashe na 14, ya ce wanda aka kama ba a sake shi ba dole a kai shi gaban kotu cikin awa 48.

A kula da ƙaramar kalmar da ke biyo baya. "They charged him with stealing" an tuhume shi da sata. "They charged him for the repairs" an karɓi kuɗin gyara a hannunsa. "With" ta laifi ce, "for" ta kuɗi. Za ki ji mutane da yawa a nan suna cewa "charged for stealing", ana kuma gane su, amma mai gyara takardar jarrabawa zai ja masa jan biro.

Tambaya: Malam, alƙali ya ce an yi "discharge" ɗin ƙanena, muka yi murna, sai wani ya ce mana kada mu saki jiki. Me ya sa? Daga wani mai karatu a Asawase.

Amsa: Mutumin ya gaya muku gaskiya, ɗan'uwa. "Discharge" sauke kaya ne, kishiyar "charge". A asibiti, kamar Komfo Anokye, sallamar majiyyaci ke nan, kuma takardar sallamar "discharge summary" ce, a adana ta don ranar komawa. A kotu ma sallama ce, amma sallama ba wankewa ba ce. Sau da yawa ana sallamar mutum ne don mai gabatar da ƙara ya daina zuwa, ko ya janye ƙarar, ba tare da an saurari shaidu har ƙarshe ba, kuma ana iya sake kama shi a kan maganar. Abin da kuke so ku ji shi ne "acquitted and discharged", an wanke shi an kuma sallame shi. Wannan ba a sake yi masa shari'a a kan laifin. Ku je ofishin magatakardan kotun ku nemi kwafin umarnin, ku kai wa lauya ya karanta muku ainihin kalmomin da aka rubuta.

Tambaya: Ina rubuta takardar neman aiki. "In charge of" zan sa ko "in the charge of"? Daga wata ɗaliba a Sawaba.

Amsa: 'Yata, "the" ɗin nan tana juya zancen gaba ɗaya. "I was in charge of the shop" ke ce mai kula da shagon. "The children were in the charge of their aunt" yaran ne ke hannun gwaggonsu. Ta farko za ki rubuta, kuma "charge" ba ta ɗaukar "d" a nan, kada ki rubuta "in charged". A asibitocin Ghana ana kiran babbar nas ta ɗakin majiyyata "the in-charge", kowa ya san wadda ake nufi, amma a takardar da za ta fita ƙasar waje ki rubuta "the nurse in charge".