Dutsen da ya kai ƙololuwa bai huta ba

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce idan aka cilla dutse sama, a daidai ƙololuwa gudunsa sifili ne, to ta yaya malaminku zai ce akselareshan ɗinsa yana nan 10 bai canja ba. Malaminku yana kan daidai. Na jima ina koyar da fiziks a darasin yamma a nan Samaru, kuma duk shekara masu shirin WAEC da JAMB sai sun yi tuntuɓe a wannan gurbin, har da masu ƙoƙarin cikinsu.

Gudu yana faɗa miki mita nawa abu yake ci a daƙiƙa ɗaya. Akselareshan kuwa ba ruwansa da yawan gudun, abin da yake aunawa shi ne nawa gudun ya sauya a kowace daƙiƙa. Tirelar da ta miƙe a titin Kaduna zuwa Kano tana sharara kilomita 80 a awa, ba ƙari ba ragi, akselareshan ɗinta sifili ne duk da ƙarar da take yi. Ɗan acaɓa kuma da ya taso daga tsaye a Kwangila ya kai mita 10 a daƙiƙa cikin daƙiƙa 5, nasa 2 ne, wato kowace daƙiƙa gudunsa na ƙaruwa da mita 2 a daƙiƙa. Shi ne lokacin da kike jin an fizge ki baya sai kin riƙe ƙarfen bayan babur. Jikinki sauyi yake ji, ba gudu ba.

To mu koma kan dutsen. A ce kin cilla shi da mita 20 a daƙiƙa. Bayan daƙiƙa ɗaya saura 10. Bayan biyu sifili. Bayan uku ya koma 10, amma fa ƙasa ya nufa. Duba da kyau, kowace daƙiƙa goma ake cirewa, kuma sifilin nan zango ne kawai da lissafin ya ratsa. Kamar mai naira 2,000 ne da ake cire masa 1,000 kullum: ranar da aljihunsa ya ƙare ba a daina cirewa ba, washegari bashi zai shiga.

Ga tambayar da nake yi wa ɗalibaina, kuma ita ce take kashe musun. Idan a ƙololuwa gudu sifili ne, sauyin gudu ma sifili ne, me zai sa dutsen ya sauko? Sai dai ya maƙale a sararin sama mu yi ta kallonsa. Tunda ya sauko, jan ƙasa bai sake shi ba ko na ƙiftawar ido.

Abin da ke ɓoye a zuciyar yawancin ɗalibai shi ne wai ƙarfin hannu yana bin dutsen yana tura shi, har ya yi kunnen doki da nauyi a can sama. Ba tunanin banza ba ne, manyan masana irin su Ibn Sina sun yi ra'ayin cewa mai jifa yana zuba wa abin jifan wani abu da ke tafiyar da shi. Amma tun da Newton ya fitar da dokokinsa a 1687 an san cewa da zarar dutse ya bar hannu, hannu ya gama aikinsa. In aka ajiye iska gefe, saura nauyinsa kaɗai, shi kuwa ƙasa yake ja, a hawa da sauka. Kafin Newton, Galileo ya gangarar da ƙwallaye a kan katako mai gangare ya gano cewa tazarar da abu ke ci a lokuta daidai tana tafiya 1, 3, 5, 7. Shi ya sa abin da aka saki yake cin mita 5 a daƙiƙar farko, 15 a ta biyu, 25 a ta uku. Ainihin akselareshan ɗin da jan ƙasa ke bayarwa kusan 9.8 ne, 10 ɗin sauƙaƙawa ce ta jarrabawa.

Wurin da maki ke zubewa a takarda kuwa alama ce. Ki zaɓi sama a matsayin +, sai ki rubuta akselareshan, wato a = −10 ki bar shi haka har ƙarshen lissafi. Kada ki juya alamar don dutse ya fara saukowa, dabarar v = u + at (v gudun ƙarshe, u gudun farko, t lokaci) da kanta za ta ba ki −10 a daƙiƙa ta uku, ragin nan shi ke nuna ƙasa. Kuma ni ban son a haddace cewa "ragi na nufin raguwar gudu", domin a saukowar nan alamar ragi ce amma gudun ƙaruwa yake.

Wani abu da JAMB ke so: Keke Napep da ke zagaya shataletale da gudu iri ɗaya yana da akselareshan, saboda alƙiblarsa na sauyawa, shi ya sa fasinjan gefe yake danne na kusa da shi.

Gwada wannan ki turo amsa: an cilla dutse da mita 30 a daƙiƙa. Yaushe zai kai ƙololuwa, tsayin mita nawa, kuma mene ne gudunsa a daƙiƙa ta 4?