Amsoshin Tambayoyinku: Yarona Yana Ƙiba, Me Zan Saya, Me Zan Bari?

Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi: "Assalamu alaikum Anti. Ɗana shekararsa 8. A bana sau biyu ina kai wa tela yunifom ɗinsa a buɗa, kuma da ya ɗan yi gudu sai haki. Kullum ina sa masa lemon kwali da biskit a jaka, in haɗa masa da sidi 10. Wata mai shago a kasuwar Kejetiya ta nuna mini shayin rage ƙiba. In saya masa ne, ko in hana shi tuwon dare?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Don Allah ki bar shayin nan inda kika gan shi. Da yawa daga cikinsu filasko ne a ciki ko wani abu mai sa zawo, ruwan jikin yaro ne zai zube, kitsen kuwa yana nan daram. Tuwon dare ma kada a hana shi. Yaron da ya kwana da yunwa gobe a bakin makaranta zai rama, da kuɗin da ke da kanki kika ba shi. Mai shekara 8 yana kan tsawo ne, sau da yawa abin da ake nema kawai nauyin ya tsaya, tsawon ya kamo shi.

Ki fara da abin sha, nan ne ɓarnar ta fi yawa, kuma nan ne ba a ganinta. Juya kwalin ki duba bayansa, inda aka rubuta yawan sukari a cikin mililita 100. Giram 4 shi ne cokalin shayi ɗaya. Idan an rubuta giram 10, kwalin kuma mililita 250 ne, to cokali 6 ke nan yaro ya zuƙe kafin a buga ƙararrawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, in son samu ne ya sauka ƙasa da kashi 5, wato kimanin cokali 6 ga babban mutum. Ina ga yaro? Ni da na so 'ya'yana su gane, kofin gilashi na ɗauko na riƙa zuba sukari cokali-cokali a gabansu muna ƙirgawa tare. Da muka kai na shida, ƙaramar ta yatsine fuska ta ce, "Mama, duk wannan?" Ki gwada, ya fi faɗa aiki.

Ko gwamnatin Gana ta ga matsalar, shi ya sa a 2023 ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari kan abubuwan sha masu sukari. Amma namu na gida ba su tsira ba. Sobolo da lamurji da burkina, har kokon safe, duk ludayin sukari ake ambaya musu. Na gida ki rage a hankali, mako-mako, har harshe ya saba. Na saye kuwa ki ce wa mai koko ta ba ki ba sukari, ke ki zuba da hannunki. Milo da ire-irensa da sukarinsu suke zuwa tun daga gwangwani, ba sa buƙatar ƙari. Lemon zaƙi ɗaya da yaro zai ɓare ya tsotse har da ɓargonsa ya fi kwali biyu amfani, kuma yana riƙe ciki.

Sai sidi 10 ɗin nan. Ya karya kumallo a gida tukuna, sannan ki rage kuɗin, ki cika jakar da gorar ruwa da dafaffen ƙwai da ayaba ko ɗan ƙullin gyaɗa. In waakye (shinkafa da wake) zai saya, ki koya masa ya nemi ƙwai ko kifi da ganye, a bar taliya da gari da soyayyar ayaba, tunda shinkafar kanta ta isa. Da dare a rage malmalar tuwon zafi, a yawaita miyar ayoyo ko ta kontomire (ganyen gwaza). Kuma gidan gaba ɗaya za a sauya. Ba zai yiwu yayyensa na shan lemo a gabansa shi a miƙa masa ruwa ba. Ki tsawata wa duk mai kiransa "buhu" ko "mai teɓa", wannan suna yana zama a zuciyar yaro har ya girma, yana kuma sa shi cin abinci a ɓoye.

Ki kai shi asibitin da ke kusa a auna nauyi da tsawo a gwada da shekarunsa. Idan kin ga bayan wuyansa ya yi baƙi ya yi kauri, wanka ba ya fitar da shi, ko yana minshari mai ƙarfi, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ki faɗa wa likita ranar, kada ki jira.

Daga wani uba a Asawase: "'Yata mai shekara 10 ta ci jarrabawa. Ita tablet take so, uwarta ta ce keke. Jikinta ya fara nauyi. Wanne zan saya?"

Alhaji, ina bayan uwarta. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsi mai sa zufa, namu kuwa safe suna boko, yamma suna makarantar allo, duk a zaune. Sai dai na san lungunan Asawase, babura da pragya (babur mai ƙafa uku) ba sa barin yaro ya sake. Ka haɗa da hular kwano, ka riƙa kai ta filin makaranta ranar da babu karatu, kai ma ka taka. In kuɗin bai kai ba, igiyar tsalle ta wadatar, ampe kuwa, wasan tsalle da tafi na 'yan mata, ba a biyan ko pesewa. In ka ƙare da sayen tablet ɗin, kada a ci abinci a gabansa, kada ya kwana a ɗakinta. Mai shekarunta na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, ƙarancin barci kuma yana ƙara kwaɗayin zaƙi.

Daga wata ƙanwa a Sawaba: "'Yata wata 18. Surukata ta ce ta rame, in saya mata maganin cin abinci a kemis."

Ƙanwata, Hajiya ƙauna ce ta sa ta faɗa, a wurinsu kumatu shi ne lafiya. Amma kada ki ba ta sai likita ya rubuta. Da yawan waɗannan ruwan magani suna ɗauke da sinadarin cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura ne asalinsa, yana sa barci da kasala. Bayan shekara ɗaya girman yaro yana rage sauri, cin abincinsa ma ya ragu, haka Allah ya tsara. Ki ci gaba da nono har shekara 2, ki ba ta abincin gida ba sukari, in ta kau da kai ki ƙyale ta, kada a yi mata ɗura. Ranar awo mai zuwa ki roƙi Hajiya ta raka ki, ki sa nas ta buɗe littafin awon ta nuna mata layin da jikarta ke bi da idonta.